Ƙarfe a Ƙasar Arawa: Daga Tama Zuwa Walda

Wanda ya biyo babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Dosso, ta miƙa Birnin Ƙonni, da ya shigo Dogon Dutsi zai tarar da ƙarfe jingine a bakin titi: ƙofofin gida masu ganye biyu, tagogi masu tsaga don iska ta ratsa, gadaje, kujerun 'yan makaranta, da dogayen ƙarafan dafawa da ake kafawa a matakalar bene. Wasu an shafa musu jan fenti, wasu suna nan yadda aka like su, suna jiran mai su ya cika kuɗi. A bayan gari kuma ga jajayen duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda ɓawonsu na sama ke ɗauke da tama. Sai dai ko sanda guda cikin ƙarafan bakin titin ba daga waɗannan duwatsu ta fito ba. A wata ƙasa aka narka ta, a wata masana'anta aka miƙe ta, babbar mota ta kawo ta. Shekaru 150 da suka wuce kuwa, ƙarfen da ke hannun manomin wannan yanki, mafi yawansa daga duwatsun ƙasar Hausa da maƙwabtanta aka ciro shi, kuma hannun ɗan ƙasa ne ya fitar da shi daga dutse.

Arewar da ake nufi a nan ita ce ta Mawri, wadda ta kwanta a kwarin Dallol Mawri. A yau ta ƙunshi gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Dosso, har ta tsallaka iyaka zuwa su Kangiwa a jihar Kebbi ta Najeriya. Tarihin baka ya ce Gubawa ne 'yan ƙasa na fari, masu Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji. Daga baya zuriyar Ari, wanda ake dangantawa da gidan sarautar Barno, ta riƙe mulki, aka sami Sarkin Arewa a Matankari. A Tibiri kuma akwai sarautar Samna. Bafaranshen nan Marc-Henri Piault ya tattara yawancin wannan labari a littafinsa na tarihin Mawri da ya fito a 1970. Masu ƙasa suna da nasu hurumin, masu sarauta suna da nasu, amma dukkansu a rumfar mutum ɗaya suke haɗuwa. Manomi na son hauya da gatari da lauje, maharbi na son bakin kibiya, barde na son takobi da mashi da linzami, wanzami na son aska, uwar gida na son wuƙa da ƙyastu. Babu wanda ya isa ya yi gaba da maƙeri ya kwana lafiya.

Narka tama aikin rani ne. Sai an kai gero rumbu sannan masu wannan sana'a ke fita daji. Su haƙo tama, su farfasa ta, su tsince mai nauyi su zubar da ƙasa. Su sare icen kirya, don gawayinta ne ke da ƙarfin wuta kuma ba ya saurin cinyewa. Sai a gina tanderun yumɓu, a jera bututun iska a gindinsa, a zuba gawayi, a zuba tama, a sake zuba gawayi, har ya cika. Wutar irin wannan tanderu takan kai wajen digiri 1,200, alhali tsantsar ƙarfe ba ya zama ruwa sai ya haura 1,500. Saboda haka ƙarfen ba ya kwarara. Abin da ke narkewa ya gangara shi ne dattin dutsen, wanda ake kira kashin maƙera. Ƙarfen kansa yakan dunƙule a ciki, curi guda mai ramuka-ramuka, sai an fito da shi an sassara, an mayar wuta, an yi ta bugu, kafin ya zama abin da za a iya ƙera wani abu da shi.

A Adar, maƙwabciyar Arewa ta wajen arewa maso gabas, wata mai bincike Bafaranshiya, Nicole Échard, ta zauna da maƙera shekara da shekaru, ta kuma ɗauki wannan aiki a fim a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da yake gab da mutuwa. Abin da ta nuna shi ne maƙeran ba sa kallon narka tama a matsayin dabara kawai. Sun ɗauke shi kamar aure da haihuwa, tanderu mace ce, ƙarfe shi ne abin da ta haifa, kuma akwai hani da tsarki da ake kiyayewa har a gama. Sana'ar ta tsufa ƙwarai a wannan sashe na duniya. A duwatsun Termit na gabashin Nijar da Taruga a tsakiyar Najeriya an gano wuraren narka ƙarfe da suka girmi haihuwar Annabi Isa da ƙarnuka, a kewayen Yamai kuma masu binciken kufai sun ƙirga dubban guraben tanderu.

Daga daji sai maƙera, kuma ita har gobe tana nan a gefen kasuwannin ƙauye. Rumfa ce gajera, ƙasa baƙi ƙirin da toka. Maƙeri na zaune, uwar maƙera kafe a gabansa, awartaki a hagu, masaba a dama, kaskon ruwa a gefe. Yaro na bayan wuta yana danna zugazugi, hannu ɗaya na sauka ɗaya na tashi, ba ya fasawa sai an ce ya tsaya. Maƙerin ba ya auna zafi da komai sai ido. Idan ƙarfe ya yi ja ya san na lanƙwasawa ne, idan ya koma fari-fari yana tartsatsi ya san lokacin haɗa biyu su zama ɗaya ya yi. Wurin ba wa bakin gatari kaifi nan ne ake gane gwani: ya tsoma shi a ruwa, ya ɗaga, ya dubi launin da ke bin ƙarfen, ya sake tsomawa. Ya yi gaggawa baki ya karye a icen farko, ya yi jinkiri baki ya lanƙwashe. Wannan ilimi gado ne, ɗa ke ɗauka wurin uba, kuma a garuruwan Hausa da yawa akwai Sarkin Maƙera da ke tsaya musu a fada.

Ƙarfen da aka sha irin wannan wahala kafin a same shi, ba wanda zai yi shinge da shi. Gidan Ba'are na wancan zamani da zana ko darnin kara ake kewaye shi, gona da garka kuma da ƙaya. Ƙofar ɗaki asabari ne ko tufaniya, mai hali ya sa ƙyauren ice. Rufin soro da azarar giginya ake yi, wadda ake samowa daga kudancin kwarin, wajen Gaya. Ko a manyan birane ƙyauren ƙarfe abin sarauta ne: lokacin da Hugh Clapperton ya shiga Kano a 1824, cikin abin da ya rubuta har da cewa ƙyamaren ƙofofin ganuwa na ice ne da aka lulluɓe da fallen ƙarfe. A ƙauye kuwa hauya idan ta cinye ba a yar da ita. A mayar wa maƙeri ya mai da ita lauje, lauje ya tsufa ya zama wuƙa, wuƙa ta ƙare ta zama basilla. Kafin damina manomi zai kwashi kayan aikinsa ya kai a gyara, sau da yawa ba tare da ya biya ko wuri ba, sai kaka ta yi ya kai damin gero. Ta haka maƙeri ke sake ganin duk abin da ya ƙera kowace shekara, kuma idan aikin ya yi ha'inci a gabansa za a ajiye shi.

Yaƙi ma ya ci ƙarfe mai yawa. A tsakiyar ƙarni na 19 Samna Ƙarhe na Tibiri ya haɗa kai da Kabawa da Zabarmawan Dosso wajen ƙin bin Gwandu, aka shafe shekaru ana gwabzawa a wannan kwari. Takubban manya wasu daga Turai ruwansu ya fito, domin Heinrich Barth ya tarar da ruwan takubban Solingen na Jamus a kasuwar Kano a 1851. Amma kibiyar talaka ta gida ce. Da ita mutanen Lugu suka tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, masu baka da kwari a gaban masu bindiga, suka yi wa Faransawa ɓarna kafin a ƙone garin.

Abin da ya kashe tanderu bai zo da hayaniya ba. Bayan Faransa da Ingila sun daidaita iyakarsu a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, Dogon Dutsi ya zama mazaunin hukumar Nasara, ya sha gaban Matankari. Aka tilasta wa mutane aikin hanya, suna ɗaukar dutse da ƙasa a ka, abin da bai ƙare a doka ba sai 1946. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta rubuta yadda tsofaffi suke tuna wannan hanya da ɗaci. Hanyar ce kuma ta kawo mota, mota ta kawo ƙarfen da ba a taɓa ganin irinsa ba. Gangar mai, gatarin mota, da musamman sifirin babbar mota, wanda ƙarfensa ke ɗaukar kaifi fiye da yawancin abin da tanderu ke bayarwa. Maƙerin da zai yi makonni a daji yana sare kirya don curi ɗaya, yanzu sai ya sayi mushen mota. Ba wanda zai ga laifinsa. Daga Kano da Sakkwato har Adar haka ta faru, cikin 'yan shekarun da ba su kai rayuwar mutum ɗaya ba aka daina narka tama, ilimin ya tafi da tsofaffin da suka san shi.

Da ƙarfe ya yi araha sai ya shiga ɗaki, kuma ta hannun mata ya fara shiga. Gadon ƙarfe mai rumfa ya ture gadon kara da na ice, ya zama abin da uwa ke tara kuɗi shekara da shekaru don ta kai 'yarta da shi. Daga baya gadon katako mai fomeka ya zo ya ture shi a birni. Masquelier ta ba da labarin yadda masu wa'azi a Dogon Dutsi suka yi ta kira a rage tsadar kayan ɗaki, mata kuma suka tsaya a kan cewa ba a kai yarinya gidan miji ba gado. Bayan gado sai akwatin ƙarfe, sai kwanon rufi, sai ƙyauren da aka yi da fallen ganga aka buga a kan katako.

Walda ta zo da nata tarihin. Tun shekarun 1880 aka fara haɗa ƙarfe da tartsatsin lantarki a Turai, a farkon ƙarni na 20 kuma wani ɗan Suwidin, Oscar Kjellberg, ya fito da sandar walda mai rufi, irin wadda ake amfani da ita har yau. Amma sanda ba ta aiki sai da wuta. An kafa kamfanin NIGELEC a 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a Najeriya, a 1976 kuma aka ja babban layin lantarki daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Masana'antar siminti ta Malbaza kuma ta fara aiki a shekarun 1960. Bayan farin 1973 da 1974 hukuma ta matsa wajen noma da dabbobi, aka sami wuraren ƙera amalanke da garmar shanu: CDARMA a Dosso, ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram. Amalanken jaki da na shanu ya bazu a ƙauyuka, kuma duk amalanken da ya karye yana neman mai likewa. A shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe na Mai Sauƙi don rage cin icen girki. 'Yan ci-rani da suka je Najeriya da biranen bakin teku suka dawo da sana'a a hannu da sha'awar irin gidajen da suka gani. Siminti, lantarki da kuɗin ci-rani, su suka haifi shagon walda na bakin titi.

Wannan sabuwar sana'a ba ta tambayar gidan da mutum ya fito. Ɗan malami da ɗan manomi da ɗan maƙeri duk suna iya zama yaran shago, su fara da riƙe ƙarfe da gurza, su kai ga riƙe sanda. Wannan alheri ne babba ga samarin da gona ba ta ishe su ba. Amma akwai abin tausayi a ciki. Da yawa suna aiki da baƙin tabarau na kasuwa maimakon garkuwar fuska, wasu ma runtse ido kawai suke yi, dare ya yi idanu su kama zafi da hawaye har barci ya gagara. Injin waldar kansa sau da yawa haɗin gida ne, wayar tagulla da aka naɗa da hannu, tsirara a ƙasa inda yara ke wucewa. Mai shagon da ya iya sayen injin yankan ƙarfe ya iya sayen garkuwa biyu.

Aikin da ya fi nuna gwanintar mai walda a yau shi ne ƙarfen dafawa na bene da baranda, domin shi ne wanda rai ke jingina a kansa. Ƙofa idan ta karkace a ja ta da ƙarfi ta rufu. Ƙarfen baranda idan ya saki, mutum ne zai faɗo. Ƙa'idar gini ta Faransa, wadda injiniyoyin Nijar suka saba da ita, ta ce tsayinsa ya kai mita 1, tazarar da ke tsakanin sanduna na tsaye kuma kada ta wuce santimita 11, don kada kan yaro ya shige. A Ingila santimita 10 ne. Sandunan kwance suna da kyan gani, amma tsani ne ga ɗan shekara uku. Ginshiƙan kuma ba a ɗora su a kan siminti a like da ɗan tsinken rodi. Ko dai a fasa a binne gindinsu a zuba kankare, ko a haɗa su da rodin da ke cikin ginin tun ana zuba dakali, ko a ɗaure su da faranti da manyan kusoshi. Gwani yakan ɗiga walda nan da can ya tsayar da aikin, ya sa ma'aunin ruwa ya duba, sannan ya bi kowace gaɓa ya cika ta, don zafi na janye ƙarfe ya karkatar da shi. In ya gama ya ƙwanƙwashe ɓawon da ke kan waldar ya ga abin da ke ƙasa. Wanda ya shafa fenti a kan ɓawon ya rufe rami ne da bai gani ba.

Ƙarfe bai tsaya a gini ba. A lambunan kwarin, inda ruwa ke kusa kuma dankalin Turawa na Dogon Dutsi ya yi suna, ragar waya da ginshiƙan ƙarfe suna maye gurbin shingen ƙaya. Hakan ya rage sare itatuwa, ya kuma rage rigimar mai lambu da mai akuya.

Yanayin Arewa na da sauƙi ga ƙarfe. Damina wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara iska a bushe take, ba kamar Kwatano ko Legas ba inda gishirin teku ke cin ƙofa tun tana sabuwa. Shi ya sa tsatsar nan ba ta kama ko'ina, tana da wuraren da take zama. Tana kama gindin ginshiƙi, inda rairayi ke taruwa ya riƙe laima, inda ruwan wanke-wanke ke bi, inda awaki ke fitsari. Tana kama cikin bututun da aka bar bakinsa a buɗe, ruwan Agusta ya shiga ya kwanta, ya ci ƙarfen daga ciki alhali fentin waje na ƙyalli. Tana kama gaɓar walda da ba a goge ba. A lambu kuwa, inda ake ban ruwa safe da yamma, daidai inda ginshiƙi ya haɗu da ƙasa nan yake yankewa. Maganin duk wannan sananne ne kuma ba shi da tsada: a toshe bakin bututu, a ɗaga kankaren gindi ya zama ɗan tudu don ruwa ya gangare, a goge ƙarfe da burushin waya kafin jan fentin hana tsatsa, a bar shi ya bushe sannan a bi da fenti hannu biyu. Bayan hunturu a share ƙurar da ta taru, a ɗiga baƙin mai a maƙalan ƙofa, a taɓa duk inda fenti ya kwaile kafin ruwan farko. Tun 1837 Bafaranshe Stanislas Sorel ya yi rajistar dabarar lulluɓe ƙarfe da tutiya, amma bututun da aka yi wa haka ya fi tsada, kuma wurin da aka yi walda a kansa rufin ya ƙone, dole a bi shi da fenti.

A nan ne tsohuwar sana'a ta fi sabuwa, kuma ba a gwanintar hannu ba. Mai walda yana sayarwa sau ɗaya, a ɗora a amalanke a tafi, ba ya sake ganin aikinsa sai ranar da ya karye. Babu wata al'ada da ke mayar da shi gidan kafin damina, kamar yadda hauya ke komawa maƙera. Mai gida kuma yana ganin ƙarfe ba ya mutuwa, tunda gara ba ta cin sa.

Sabuwar sana'ar ta kuma rataya a kan abin da ba ya hannun 'yan ƙasa. Nijar ba ta narka tama a masana'anta. Yawancin rodi da bututu da falle daga Najeriya suke shigowa ko ta tashoshin bakin teku, don haka duk abin da ya taɓa kuɗi ko iyaka sai ya taɓa shagon walda. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan waje suka yi tsalle. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. Masu walda a yammacin ƙasar suka koma dogaro da janareta da man da ya yi tsada. Maƙerin gargajiya da gawayinsa da zugazuginsa bai rasa ranar aiki ba saboda wuta.

Tsadar kaya ta fi bayyana a wurin ciniki. Mai gida ya zo da hoton ƙofa ko baranda a wayarsa, ya ce irin wannan yake so. Mai walda ya yi lissafin sanduna da falle da sandar walda da fenti, ya faɗi kuɗi. Mai gida ya ce ya yi yawa, a rage. Adon da ke hoton ba ya raguwa, domin shi ake gani daga titi. Abin da ke raguwa shi ne kaurin bututu, daga mai nauyi zuwa wanda yatsa ke iya lotsawa, sai tazarar sanduna ta ƙaru don a tsira da guda biyu ko uku, sai jan fentin ƙasa a tsinka shi da fetur ko a tsallake shi gaba ɗaya. Masu walda na kirki sukan ajiye guntayen bututu iri biyu ko uku a shago, su miƙa wa mai saye ya ɗaga ya ji nauyin kowanne a hannunsa, su faɗa masa kuɗin kowanne, sannan a yanke magana.